Ranar da Na Ƙarasa wa Rifkatu Gudu

Ku matso kusa, ku yi shiru, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da ma ita ce, da sai in ce a bakin wata na ji.

Ba zan taɓa mantawa ba, shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa masu babbar riga mulki, lokacin da duk bangon da ka duba a Unguwar Romi ta Kaduna fuskar wani ce a manne tana yi maka murmushi. A shekarar ne na aikata abin da har yau, in ya faɗo mini ina tsakiyar tuƙa tuwo, sai in ajiye muciya in nemi wuri in zauna.

Ni dai ban yi boko ba. A ƙauyenmu na girma, can kudu cikin duwatsu, noma na sani da daka da goyo. Da maigidana ya rasu, 'yata Rifkatu ta ɗauko ni ta kawo ni Kaduna na zauna wurinta. Ita tana aiki a masaƙa, mijinta Yohanna yana tuƙa tankar mai. 'Yarsu ɗaya ce, Godiya, wadda nake kira ƙawata. Lokacin ko famfara ba ta gama ba.

Ana nan ana nan, sai kumatun Godiya ya kumbura, gefe ɗaya. Muka ce haƙori ne. Muka ce hangum ne. Na shafa mata duk abin da na sani, kumburi sai gaba yake yi. Sai da aka kai ta babban asibiti a Zariya aka ce ciwon daji ne. Likitar yara, wata doguwar mace mai tabarau, ta ce irin wannan yana jin magani in an bi shi har ƙarshe, amma in aka tsaya a hanya dawowa yake da ƙarfinsa. Maganin kuwa ta jijiya ake ɗura shi, ya sa yaro amai, gashi ya zube tas. A ɗakin da ake kwantar da yaran na ga uwaye suna naɗe tabarma suna goya 'ya'yansu su tafi gida, ba don yaran sun warke ba, sai don abin hannu ya ƙare.

Mu Ubangiji ya taimake mu, kumburi ya sauka. Amma magani da saura, sai Godiya ta ce ita fa ta gama. In an ambaci Zariya sai ta shige ƙarƙashin gado ta rungume ƙafar gadon. Zuwan ƙarshe da aka yi, da kanta ta fizge allurar daga hannunta, jini ya ɓata zanen asibiti. Likita ta ce ba za a yi ta danne yarinya kullum ba, jijiyoyinta sun gaji, sai an samu ta yarda da kanta. Aka yi lallashi, aka yi alkawarin takalmi, fasto ya zo ya yi addu'a. Godiya ta ce amin, ta koma ƙarƙashin gado.

Ran nan sai Rifkatu ta dawo daga aiki da labari. Wai likitar nan da wasu sun shirya gudun fanfalaki saboda yara masu irin ciwon Godiya. Za a tashi daga wajen Rido, a kewaye gari, a ƙare a filin wata makaranta a Gonin Gora. Ta ce da zamanin soja ne, mutum goma suka taru a titi sai an tambaye su dalili, yanzu kuwa titin sukutum aka ba su. Kuma ita ma za ta yi, tun da ta taɓa gudu tana 'yar makaranta.

Na ce, "Rifkatu, wa zai bi ku?"

"Ba kowa, Mama."

"To me za ku kamo?"

"Ba komai."

"Maganin ne yake can Gonin Gora, wanda ya riga isa ya ɗauko?"

Ta yi dariya ta ce, "Mama, mutane ne suka yi alkawari, 'yan kasuwa da kamfanoni, coci-coci da masallatai, har da wasu a ƙasar Turawa. In mun yi gudun su ba da taimako a saya wa yara magani."

Na ce, "To su bayar mana! Sai sun ga matar aure da gajeren wando a titi kafin tausayi ya kama su?"

Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado ta ce, "Godiya, fito mu yi magana irin ta manya." Ta ɗora ta a cinya ta ce, "Zan yi gudun nan da ƙafata har ƙarshe. In na ƙarasa nawa, ke ma ki ƙarasa naki. Kin yarda?"

Godiya ta ce, "In kin gaji fa?"

"Ko na gaji."

"In kin yi amai fa?"

"Ko na yi amai."

Suka tafa. (Ina zaune ina tsince wake, da kunnena na ji. Na faɗa muku ne don kada wani ya tausaya mini ya ce ba a gabana aka yi ba.)

Kwanci-tashi, Rifkatu tana fita da sassafe tana dawowa jiƙe da gumi, ni kuwa abin bai shiga kaina ba. Na tambayi aminiyata Mama Laraba, 'yar Filato ce, tare muke zumuntar mata a coci, tana sayar da doya a bakin titi. Ta ce, "Turawa haka suke, ba sa ba da abu a zaune." Wannan ma bai warware mini ba. Sai wata Lahadi ana tsakiyar wa'azi (Allah ya gafarta mini, hankalina ba ya wurin) abin ya buɗe mini kamar an ɗaga labule. Na ce ashe! Ashe gayya ce!

Ku 'yan birni ba ku san gayya ba. A garinmu, in gona ta fi ƙarfin mai ita, ko ciwo ya kwantar da shi, sai gari ya fito. Kowa ya kama layinsa da garmarsa, ana kiɗa ana waƙa, masu gida suna kawo kunu. Kuma gayya tana da doka. Wanda ya kai ƙarshen layinsa ba ya zama, juyowa yake ya taro na baya. Wanda ya gaji, ɗan'uwansa ya karɓi garmar ya ƙarasa masa, kuma ba mai cewa layin wane bai fita ba. Abin kunya shi ne ka tsaya kana kallo naka yana faɗuwa a gona. Da na gane haka sai zuciyata ta kwanta. Na ce to, in gayya ce ai gida aka zo, ba wanda zai koya mini.

Ranar gudu na dama kunun gyaɗa cike da kula. Yohanna ya ɗauki Godiya suka tafi filin Gonin Gora su jira a can, ni da Mama Laraba muka zauna a mahaɗar Romi, inda aka kafa tebur ana miƙa wa masu gudu ruwan leda. Kafin Rifkatu ta fita na ga ta manna wata takarda mai lamba a ƙirji da fil. Ta ce da takardar nan za a san ta iso. Na riƙe wannan.

Na farko suka zo suka wuce kamar bareyi, sirara, ba mai tsoka ko ɗaya. Mama Laraba ta yi ta guɗa tana cewa 'yan gidansu ne na Filato. Na miƙa ƙwarya na ce, "Sannunku da aiki, ga kunu!" Ko kallona ba su yi ba. Su fizgi leda, su tsotsa, su watsa a ka, su jefar. Ba gaisuwa, ba kiɗa, ba waƙa. Na ce wannan wace irin gayya ce? Amma na yi haƙuri, na ce in sun kai ƙarshe za su juyo.

Rana ta ɗaga. Maza suka wuce, mata suka wuce, har wani mai tumbi da nake ganin ko cokali ba zai iya ɗauka da gudu ba ya wuce. Ba wanda ya juyo. Can sai ga wata bas ta taho daga Gonin Gora cike da waɗancan sirara, suna shan lemo suna ɗaga mana hannu, gida za su. Na ce, "Laraba, kin ga 'yan gidanku? Sun gama nasu sun bar na baya a gona!" Ta ce, "Wataƙila wata hanya za su bi su taro su." Ita ma ba ta sani ba.

Sai da rana ta kusa tsaka sannan na hango Rifkatu. Tana jan ƙafa ɗaya, leɓenta fari fat, ido ya faɗa. Tana isowa tebur ta zube. Wata nas ta kwantar da ita a tabarma tana miƙe mata ƙafa, ta ce jijiya ce ta ɗaure. Rifkatu ta runtse ido tana cije baki.

Ku faɗa mini, wace uwa ce za ta tsaya kallo? Na durƙusa na ce, "Huta, 'yata, huta." Na cire fil ɗin nan a hankali. Ita ta ɗauka riga nake sassauta mata ta sha iska. Na manna takardar a ƙirjina, na ɗaure zani tamau, na gyara silifas.

Mama Laraba ta ce, "Ke kuma ina za ki?"

Na ce, "Layin 'yata zan ƙarasa. Ki kula da kula."

Na yi gudu, jama'a, kada wani ya ce ban yi ba. Daga tebur ɗin nan har gidan man da ke kwana na yi shi da ƙafata. A nan gwiwoyina suka tuna mini shekaruna, ƙirjina ya kama kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na dafa wani turken lantarki ina haki. Sai ga wani mai acaɓa ya tsaya, dattijo ne, tsohon soja da aka sallama, kowa Kofur yake ce masa.

Ya ce, "Mama, wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"Wa ya biyo ki?"

"Ba kowa, ɗana. Gayya nake ƙarasawa a Gonin Gora."

Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "To hau mana, kafin ki faɗi a ce ni na buge ki."

Na yi tunani, ba wai ban yi ba. Na ce a gayya in wani ya zo da shanun huɗa, ana korarsa don ba garma ya riƙo ba? Aiki dai ya fita. Na hau. Muka riƙa wuce masu gudu ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa da ladabina ina ɗaga musu hannu ina cewa, "Sannunku da aiki! Saura kaɗan!" Mai tumbin nan ya ɗaga hannu yana faɗin wata magana da ƙarfi, na ce Allah sarki, har yana da numfashin amsa gaisuwa.

Da muka kusa, 'yan sanda sun tare titi, sai Kofur ya bi ta lungu ya sauke ni a bayan katangar makarantar. Na zagayo a hankali da tafiyata ta mutunci. Ina shan kwana sai na ga tutoci da rumfuna, mutane maƙil dama da hagu. Wani ya hango ni ya ƙwala ihu, "Gudu, Mama, gudu!" Sauran suka ɗauka. To, an ce in yi gudu, sai na yi.

Filin nan ya kaure. Mai lasifika yana tsalle yana cewa, "Jama'a ku duba ikon Allah! Kaka ce! Kaka da silifas tun daga Rido! Samari, ina kuke?" Aka ɗauke ni cak, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba sai a kan dandamali. Matar sabon ciyaman na ƙaramar hukuma ta rungume ni, turarenta har cikin maƙogwarona, ta rataya mini wani ƙarfe mai igiya a wuya. Masu hoto suna ta walƙiya. Ni kuwa a raina na ce, to, ashe 'yan birni ma sun san darajar wanda ya taya ɗan'uwansa. Har na yafe musu maganar kunu.

Sai mai lasifika ya kawo abin maganar nan bakina ya ce, "Mama, gaya wa duniya, mene ne sirrin?"

Na gyara murya irin yadda nake yi in zan ba da shaida a coci. Na ce, "Ba wani sirri, ɗana. 'Yata ce ta gaji a Romi, na karɓi takardarta na ƙarasa mata. Kuma ba ni kaɗai ba ce, kada in ci haƙƙin wani. Kofur ne ya kawo ni a babur, ga shi can jikin katanga, shi ma a ba shi ruwa."

Muryata ta tafi har titin Abuja ta dawo. Filin ya yi tsit, har ina jin kukan janareto. Sai wani ya fashe da dariya can baya, daga nan kuma kamar an ɓalle dam. Matar ciyaman, murmushinta bai sauka ba, ta miƙo hannu a hankali za ta cire ƙarfenta. Igiyar ta kama ɗankwalina, ta tafi da shi. Ga ni tsaye a kan dandamali, furfura a waje, kitson da ya kwana biyu, a gaban duniya, a gaban surukina. Yohanna ya sunkuyar da kai yana duban ƙasa kamar allura ya yar.

Har a lokacin ban gane laifina ba. Na ɗauka babur ɗin ne matsalar.

Ina saukowa sai ga Godiya da 'yar hularta ta ulu, ta kama zanina ta ce, "Kaka, ina Mama?"

Na ce, "Tana hutawa, ƙawata. Na ƙarasa mata."

Ta ɗan yi tunani. Sai fuskarta ta washe, irin washewar da na daɗe ban gani ba. Ta ce, "Ashe ana yi wa mutum? To shi ke nan! Kaka, ranar Litinin ke za ki je Zariya a yi miki allurata."

Ba da baƙar magana ta faɗa ba. Murna take yi, har da tsalle.

Dariyar filin nan duka ba ta kai wannan ba. Na ji kamar an zare mini ƙasa. Likita tana tsaye kusa, ta ji komai. Ta dube ni ta saman tabarau, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Mama, akwai motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka kasa. Duk wanda aka gani a hanya ba takarda, ɗauke shi za su yi."

Ko ɗankwali ban tsaya karɓa ba. Gudun gaske da na yi a ranar shi ne daga nan zuwa katanga, ina kiran Kofur. Ya ce, "Mama, wata gayyar ce kuma?" Na ce, "Juya, ɗana, juya!"

Mun same ta ta wuce gidan man nan da nisa. Ta tashi da kanta ta kama hanya tana ɗingishi. Mota ta tsaya a gefenta, ƙofa a buɗe, wasu maza biyu suna cewa, "Madam, shiga mana, ba ki da lamba, za mu buɗe titi." Ita kuwa tana kuka tana cewa, "Faɗuwa ta yi, ku bar ni, 'yata tana jira." Sai ta ɗago ta gan ni a bayan babur, kai ba ɗankwali, takardarta a ƙirjina.

"Mama," ta ce. Shi ke nan abin da ta ce.

Na sauka na mayar mata da takardar, garin sauri har na soke ta da fil. Na kai hannu zan tallafe ta, ta ja da baya. Ta ce, "Kada ki riƙe ni. Kada ki taɓa ni. In za ki bi ni, ki bi ni a baya."

Na bi ta a baya. Na yi noma, na haihu, na binne miji, amma ban taɓa aikin da ya kai wannan wuya ba: 'yarka tana ɗingishi a gabanka, kai kuwa hannunka a naɗe. Ta durƙusa a bakin kwalbati ta yi amai, na kama hannuna na dama da na hagu na riƙe a baya don kada ya tafi da kansa. Masu doya da masu lemo a bakin titi suna kallonmu, wata ta ce, "Ba ita ce ta babur ba?" Na ce ni ce.

Da muka isa ana kwance rumfuna, matar ciyaman ta tafi, mai lasifika yana naɗe waya. Yohanna ne kawai da Godiya da likita suke tsaye a wurin. Rifkatu ta taka layin nan ta zauna a ƙasa.

Godiya ta matso ta ce, "Da ƙafarki?"

Rifkatu ta cire takalmi. Safar ta manne da jini.

"Kin yi amai?"

"Na yi. Tambayi kakarki."

Na ce, "Ta yi, ƙawata, da idona na gani."

Godiya ta daɗe tana duban ƙafar nan. Sannan ta ja dogon numfashi kamar wata tsohuwa, ta dube ni ta ce, "Kaka, bar shi. Ke ba za ki iya ba. Ni zan je."

Ranar Litinin da kanta ta ɗauko hularta.

Har gobe ban gane yadda gumin wani yake zama maganin wani ba, an bayyana mini sau da yawa, na gyaɗa kai don a bar ni. Abin da na koya dai shi ne, in ka ga ɗan birni yana shan wahala da gangan, tambaye shi tukuna kafin ka cece shi. In kuma aka kawo maka abin magana baki, ka ce ƙishirwa kake ji.

Rifkatu farcen ƙafarta ya zube ya sake fitowa, da masaƙa ta rufe ta koma sayar da atamfa. Yohanna bai taɓa ɗaga mini maganar ba har ya ajiye tuƙi, sai dai in mun zo wucewa ta Gonin Gora tari yakan kama shi. Kofur ya sayar da babur ya koma garinsu noma. Matar ciyaman, mijinta bai dawo ba a zaɓe na gaba. Likita ta tsufa a kan aikinta, wasu yaran ɗakin nan sun tashi, wasu Ubangiji ya karɓi abinsa. Mama Laraba ta shanye kunun ita da nas, kuma kowace shekara sai ta ba da labarin a zumunta tana ƙara masa gishiri, bara na ji ta ce tanka na hau. Godiya ta ƙarasa maganinta, ta girma, kumatun nan ya ɗan fi ɗaya faɗawa in ka lura, tana koyarwa a firamare, 'ya'yanta biyu.

Ni kuwa, da aka sake yin gudun, an gayyace ni da mutunci. Aka ba ni kujera a inuwa, aka ba ni lemo, aka sa mace guda ta zauna kusa da ni ba ta da wani aiki sai tsarona.

Iyakar abin ke nan. Ku tashi, ku ba ni wuri in miƙe ƙafa.